Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu daga Brookhaven

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Farfesa, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe na fiziks, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Daga ɗakin bincike na Brookhaven da ke jihar New York zuwa nan ba kusa ba ne, kuma mun san ka baro aiki mai yawa. Allah ya saka da alheri.

Jama'a, baƙon namu yana cikin masanan da ke binciken siffar cibiyar ƙwayar zarra. Mu dai a aji muna zana ta a allo mulmulalliya kamar lemo, ɗalibai su kwafa. To, ba dukkansu ne haka ba. Cibiyar zinare ta yi kusa da lemon, amma ta yuraniyom 238, irin wanda ya fi yawa a ma'adinin da ake haƙowa a Arlit, doguwa ce kamar gwanda.

Yaya aka yi aka gane, alhali ba idon da ke ganinta? Nan ne abin ya fi burge ni. A RHIC, wata na'ura mai siffar zobe da ke can Brookhaven, mai kewayen kusan kilomita 4, wadda ta fara aiki a 2000, an riƙa harba cibiyoyi biyu da gudun da ya kusa na haske har su yi karo. Nan take sai su narke, su zama wani ruwa mai tsananin zafi na kwak da guluwon, wato ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin cibiyar, ya fantsama ta ko'ina. Ku ɗauki gwanda biyu a hannu. In kun haɗa su kai da kai, wurin haɗuwar ƙarami ne, zagayayye. In gefe da gefe ne, sai ya yi tsawo, kuma ruwan ya fi tunkuɗowa ta ɓangaren da ya fi matsewa. Daga yanayin fantsamar ake komawa baya a lissafo siffar. Karon kuwa yana ƙarewa tun kafin cibiyar ta samu damar juyawa, kamar an ɗauke ta hoto a tsaye cak.

Tawagar masana ta STAR, a can RHIC, ta kwatanta karon yuraniyom da na zinare, ta fitar da sakamakon a mujallar Nature a 2024. A 2025 kuma, can CERN, babban ɗakin binciken Turai da ke kusa da Janiba, aka gwada karon cibiyoyin oksijin da kuma na niyon, ita niyon ɗin ana ganin siffarta kamar gora mai wuya.

Ranka ya daɗe, ba mu da irin wannan na'ura. Amma muna da yara masu kaifin lissafi, wasunsu tun safe suka cika kujerun baya da tambayoyi a rubuce. Roƙonmu, ka nuna musu yadda ake tace irin waɗannan bayanai a kwamfuta, da ƙofar da za su bi su shiga aikin.

Bismillah, Farfesa, fili naka ne.