Jawabi ga 'Yan Uwa Mazauna Maraɗi kan Yaranmu da Lakwal

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawa, iyaye mata, 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa.

Yawancinmu daga Katsina, Jibiya ko Kano muka tsallako, wasu da bokon Ingilishi, wasu da allo kaɗai. 'Ya'yanmu kuwa a nan Maraɗi suka buɗe ido, lakwal, wato makarantar boko, suke zuwa, da Faransanci suke karatu. Littafinsu ya fi ƙarfinmu, shi ya sa tambaya ɗaya ta rage a bakinmu: "Na nawa ka zo?"

Bara ɗana ya kawo mini sakamako, na ga 12. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa a gaban ƙannensa. Sai daga baya wani maƙwabcina malami ya zaunar da ni, ya ce a nan bisa 20 ake ba da maki, 10 ita ce matsakaiciya, wanda ya samu 12 ya ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga ranar yaron ya daina ba ni labarin makaranta. In na tambaya, "lafiya lau" kawai.

Ku dubi yinin yaran nan. Allo da asuba, lakwal, Islamiyya da yamma, wani ma ya tsare shago. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, su kuwa masu BEPC da BAC, wato jarabawar gama ƙaramar sakandare da ta gama babbar sakandare, lokacin ne suke dab da jarabawa. Yaro ya shigo gida a gajiye, mu tare shi da "ɗan wane ya fi ka"?

Abin da ya dawo mini da ɗana ƙarami ne. Wata rana muna cin tuwo na ce, "Ya ake cewa gero da Faransanci?" Ya faɗa, na maimaita, ya gyara mini. Daga nan hira ta ɓarke: wanda suke zama benci ɗaya, malamin da yake so, lissafin da ke ba shi wuya, wanda da can yake ɓoye mini. Iyaye mata, kun riga mu sanin wannan, don a gindin murhu yara suke faɗa muku abin da ba sa faɗa mana.

Roƙona, Shugaba, a zama na gaba mu gayyato malami ɗaya ya karanta mana takardar sakamakon nan layi-layi. Kowa ya zo da ta ɗansa. Na gode.