Allo uku, zane ɗaya: lacca kan aikin Jean-Paul Riopelle

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka samu zuwa. Ku dubi hoton da aka haska a bango. Sunan zanen nan Pavane, Jean-Paul Riopelle ne ya yi shi a 1954, kuma yana gidan adana zane-zane na ƙasar Kanada da ke Ottawa. Tsayinsa mita 3, faɗinsa mita 5 da rabi. Kada ku wahalar da idanunku wajen neman mutum ko doki a ciki, babu su. Fenti ne zalla, ja da baƙi da fari da shuɗi, sun cakuɗe.

An haifi Riopelle a Montiriyal, a lardin Kebek na Kanada, a 1923. Yana cikin matasan da suka sa hannu a takardar bore ta Refus global a 1948, wadda malaminsu Paul-Émile Borduas ya jagoranta, suna ƙin yadda cocin Katolika ya kankane rayuwar mutanen Kebek. A Faris ya yi suna. A can ya ajiye buroshi, ya riƙa matso fenti daga kwalinsa kai tsaye kan yadin, yana dannawa da 'yar wuƙa mai faɗi, kamar yadda birkila ke shafe da cokali. Idan ka matsa kusa, kowane shafi ɗan tudu ne mai kaifin baki, har inuwa yake yi.

To, abin da ya fi jan hankalina shi ne layukan nan biyu da suka raba zanen. Allo uku ne aka jera. Wani zai ce ai don a samu fitar da shi ta ƙofa ne, kuma da gaskiyarsa, yadi mai girman nan ba ya ɗaukuwa da sauƙi. Amma a Turai tun ɗaruruwan shekaru, zane mai allo uku a cikin coci aka san shi, da waliyyai a gefe da gefe. Mutumin da ya yi wa cocin bore ya ɗauki tsarin, ya kwashe hotunan. Ni dai ina ganin tsagar nan numfashi ce. Ido yana gudu cikin launuka, ya zo nan ya tsaya, sannan ya ci gaba. Pavane kuwa sunan wata tsohuwar rawar fada ce ta Turawa, mai takun ƙasaita.

A 1992, da labarin rasuwar Joan Mitchell ya iso masa, mai zane 'yar Amurka da suka yi soyayya fiye da shekara 20, sai ya koma kan tsarin nan. Don tunawa da Mitchell ya yi Hommage à Rosa Luxemburg, wato girmamawa ga Rosa Luxemburg, wata 'yar gwagwarmayar gurguzu a Jamus, kashi uku, zane 30, tsawonsa ya haura mita 40, da fentin feshi da siffofin tsuntsaye. Yana birnin Kebek yanzu. Wannan kam ba a ganinsa daga tsaye, sai mutum ya taka daga farko har ƙarshe. A haska mana shi, don Allah.