Tsadar Kaya da Rashin Aikin Yi: Me Ya Sa Suka Zo Mana Tare?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata, na gode da kuka fito duk da sanyin Jos na wannan safiya.

A shekarar 1958 wani masanin tattalin arziki mai suna Phillips ya bi alƙaluman Ingila daga 1861 zuwa 1957, ya gano cewa duk lokacin da marasa aiki suka ragu, albashi kan tashi da sauri. A kan wannan aka gina ƙa'idar da ɗalibanmu ke haddacewa, wato ƙasa kan zaɓi ɗaya cikin cuta biyu: ko ta jure hauhawar farashi domin jama'a su samu aiki, ko ta danne farashi ta bar wasu a zaune. Ƙa'idar ta fara tangaɗi bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da Amurka da Ingila suka ga tsada da zaman kashe wando sun sauka a kansu tare. Halin da muke ciki ke nan, kuma dalilinsa nake so mu duba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa darajar naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Mu ɗauki buhun dankalin turawa daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Manomin ya sayi taki da maganin feshi da tsada, domin farashinsu yana bin dala. Direban da ya ɗauko kayan ya sha mai da tsada, ya biya a shingayen hanya. Wani manomin ma bai je gona ba sam, saboda hare-haren da suka addabi Mangu da Bokkos, Allah ya kawo mana ƙarshensu. Babu inda kuɗi ya yi yawa a aljihun mai saye a cikin wannan labari. Kayan ne suka yi ƙaranci, kuɗin samar da su ya ninka. Kuma tsadar da ta ɗaga farashin buhun ita ce ta sa manomi ya rage 'yan ƙwadago, ta sa mai gidan burodi ya sallami yaransa biyu.

Shi ya sa nake da ja a kan maganin da aka fi dogara da shi. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin gwamnansa Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin shekarar 2024, domin rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, farashi ya sauka. Ban ce matakin banza ne ba, don ya taimaka wajen tsayar da naira. Amma kuɗin ruwa ba ya mayar da manomi gonarsa, kuma mai ƙaramar masana'anta da zai ɗauki mutum goma aiki ba zai iya cin bashin banki a wannan farashi ba.

Wani zai ce ai alƙaluma sun nuna rashin aiki ya ragu, daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023. Ma'aunin ne aka sauya. Yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, ana lissafa shi cikin masu aiki. Saurayin da ya gama digiri, yana karɓar aron Keke Napep ranar Asabar ya yi jigila daga Terminus zuwa Bukuru, a takarda ma'aikaci ne. Hukumar Ƙididdiga da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan suna sana'o'in da ba su da rajista, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai iso ga yawancinsu ba.