Masu Jinya a Gidaje da Batun Haɗa Kai: Lacca daga Sakkwato

Assalamu alaikum. Iyayena mata da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, maganata a yau ta shafi matan da ake ɗauka jinya a gidaje, waɗanda idan asibiti ya sallami tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, su ne ke karɓarsa a Mabera ko Runjin Sambo, su riƙa juya shi dare da rana don kada gyambo ya fito masa a baya, su kwashe fo, su ba shi magani a kan lokaci, sau da yawa ko safar hannu babu.

Abin da ya hana a ji muryarsu shi ne kowacce tana bayan katangar wani gida ita kaɗai, kuma wanda ya ɗauke ta da baki, da baki zai sallame ta ranar da mara lafiya ya cika. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai iso gare ta ba, domin dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, sai da aka yi doka a 1992 wadda ta ba da damar kafa hukumar da za ta tsaya a matsayin mai ɗaukar masu jinyar gida aiki, sannan aka sami wanda za a zauna da shi a yi ciniki, kuma a 1999 masu jinya kimanin 74,000 a Los Angeles suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta SEIU. Sai dai can gwamnati ke biyan kuɗin jinyar, mu kuwa iyalai ne, waɗanda su ma kuɗin magani ya riga ya karya su.

Don haka a ganina namu farawa daga unguwa ne, kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan, tunda Nana Asma'u ta hannun jajis, wato matan da ta horar suna yawon karantarwa, ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka. A fara da adashi, uwar adashi ta riƙe sunayen masu jinyar unguwarta. Idan sun saba haɗuwa, sai su tsayar da takardar yarjejeniya guda wadda mai unguwa zai shaida, ta fayyace kuɗin wata, da ranar hutu, da wanda zai sayi safar hannu, da cewa ko an yi rasuwa a cika mata albashin watan. Rajista a matsayin ƙungiyar ƙwadago tana buƙatar mutum 50 aƙalla, kuma unguwanni biyu sun isa su tara su.