Me ya sa birkin wani keken tsere ke kamawa cak, wani kuma sai ka yi ta matsa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan kalifar birki za mu tsaya, wato ƙarfen nan mai hannu biyu da ke saman taya, wanda idan ka ja birki yake matse rim ta gefe da gefe.

Ku kalli wannan mai arhar da kyau. Na matse birkin gaba, ina tura keken gaba da baya, kun ga yadda hannuwan suke lanƙwasawa suna bin taya? To ƙarfin da yatsunka suka sa kenan yake tafiya a banza, maimakon ya isa kan robar birki sai ya ƙare wajen lanƙwasa ƙarfe, shi ya sa za ka ji hannun birki ya yi laushi har ya kusa taɓa kan keke amma keken bai tsaya ba. Yanzu ga kalifar kamfanin Shimano mai suna 105, alminiyon ne mai kauri, ko motsi bai yi ba.

Sai ƙira. Birkin tsofaffin kekuna galibi gaɓa ɗaya gare shi a tsakiya, inda hannuwan ke juyawa, na zamani gaɓa biyu ne, Shimano ce ta yaɗa shi a farkon shekarun 1990, kuma da ɗan matsi kaɗan yake damƙe rim sosai. Tsawon hannun kalifar ma da ruwansa, gajere mai milimita 39 zuwa 49 ya fi dogo tauri.

Amma don Allah kar wani ya ce maka sai ka sayi Dura-Ace, wato samfurin Shimano mafi tsada. Tsakaninsa da 105 galibi rashin nauyi kake biya, wajen tsayawa bambancin kaɗan ne. Babban tsalle yana tsakanin na gwangwani da matsakaici. Kuma indai birkin gaba zai iya ɗaga tayar baya daga ƙasa, to ka kai iyaka, ƙarin ƙarfi sai dai ya wuntsila ka.

Wanda ya sayi keken gwanjo, kafin ka canja kalifa fara da roba da waya. Robar da ta bushe ta yi sheƙi ba ta kamawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga cikinta ta dinga cin rim. Sa sabuwa irin Kool-Stop ko SwissStop, ka goge rim, a canja waya da bututunta in sun yi tsatsa. In ka yi duk wannan har yanzu hannuwan suna rawa, to kalifar ce, cire ta.