Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Yauri

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, iyayenmu hakimai, malamai, sarakunan ruwa da manoman fadama. A madadin mutanen bakin Kwara, lale marhabin, sannu da hanya.

Da muka ji ka zo da maganar ƙasar bakin teku da ke lotsawa, wani dattijonmu ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ina Yauri ina teku? Ranka ya daɗe, kogin nan ne ya haɗa mu. Tun da aka datse shi a Kainji a 1968, aka tashi sama da mutum 40,000, cikinsu har da iyayenmu, laka da yashin da yake kwasa ya kai Neja Delta yana ɗaga ƙasarsu, da yawansa a bayan dam yake kwanciya. Ga kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu a Legas, a Agege da kasuwar Mile 12. Ruwan da ya shiga ɗakinsu, a gidajenmu ake jin sanyinsa.

Daga 1900 zuwa yau teku ya ɗaga da kimanin santimita 20. Amma a wasu unguwannin arewacin Jakarta, babban birnin Indonesiya, ƙasa kan nutse har santimita 25 a shekara guda, saboda rijiyoyin burtsatse sun zuƙe ruwan ƙarƙashinta. A 2019 Indonesiya ta ce za ta sauya wa babban birninta mazauni. Tokyo kuwa doka ta sa a kan jan ruwan ƙasa, lotsawar ta tsaya. Mu a nan, kowa ya samu kuɗi sai ya kira masu haƙa, ba mai tambayarsa.

Ambaliyar 2020 ba labari aka ba mu ba. Shinkafa ta kusa yanka, muka wayi gari sai kan zangarniya ke leƙowa, magidanta cikin kwalekwale suna tsintar abin da ya saura da lauje.

Roƙonmu kaɗan ne. Idan ruwa ya taso daga Yamai, a faɗa mana da wuri, a rediyo, da Hausa, kafin ya iso Bagudo. In an tashi daga nan, ranka ya daɗe, za mu raka ka ka ga shatin da ruwan ya bari a katangar makarantarmu, sannan a ci kifi.