Maki 90 bai kai Sheffield United Firimiya ba

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau ba Arsenal ba Madrid, gasar 'yan dagaji ta Ingila za mu leƙa, wato Championship, kakar 2024/25, don ni dai har yanzu abin da ya samu Sheffield United yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙungiyoyi 24 ne, kowacce wasa 46, ta ɗaya da ta biyu su haye Firimiya kai tsaye, ukun ƙarshe su gangara League One. Leeds da Burnley kowacce maki 100 cif, bambancin ƙwallaye ne ya ba Leeds kofi. Sheffield ta ƙare ta uku da maki 90, shi ma bayan an zabge mata 2, ita kuwa Sunderland ta huɗu da 76, wasanninta biyar na ƙarshe duk kashi ta sha. Tazarar maki 14 fa malam! Amma ƙa'idar kakar ta ce daga ta uku zuwa ta shida sai an sake gwabzawa a wasan cike gurbi don fitar da ɗaya da za ta haye Firimiya, wahalar wata tara a ajiye ta gefe.

Ranar 24 ga Mayu 2025 Sheffield da Sunderland suka haɗu a wasan ƙarshe a filin Wembley, Tyrese Campbell ya fara ci wa Sheffield, ana ganin an gama, Mayenda ya farke wa Sunderland a minti na 76, can kuma cikin ƙarin lokaci alƙalin wasa na duba agogo sai ga wani yaro ɗan shekara 19, Tom Watson, wanda ma an riga an sayar wa Brighton, ya zura wa Sunderland ta biyu. Shi ke nan, Sunderland ta dawo Firimiya bayan shekara 8.

Na san za ku ce ai nan daɗin yake, kuma gaskiya ba don cike gurbin ba da tun watan Maris rabin ƙungiyoyin sun kwance takalma. Na yarda. Amma adalci ne? Ni ban gani ba wallahi.

A can ƙasan tebur kuma Luton ce abin tausayi, 2023 ta hau Firimiya da bugun fenareti, 2024 ta sauko, 2025 West Brom ta zuba mata 5 da 3 ranar ƙarshe ta sake gangarawa tare da Plymouth da Cardiff, alhali makinta 49 daidai da na Hull da ta tsira.